Rabon Tulu

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, irin zafin da ko kaza sai ta buɗe baki tana haki a gindin randa. Tun hantsi bangon ɗakina yake ɗaukar wuta, in azahar ta yi kuwa ko tabarma ka taka sai ka ɗage ƙafa. Wutar lantarki ba a maganarta, fankar da ke rataye a ɗaki ta daɗe da zama ado. Tsofaffi suna cewa azumi yakan yi shekara talatin da 'yan kai kafin ya zagayo inda ya baro. To ga shi ya zagayo ya same ni, kuma bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da tsadar nan da na sani tun ina yarinya, har ta ƙara ƙiba a hanya.

Ran nan bayan la'asar ina kwance a tsakar gida, na jiƙa zani na lulluɓa, sai 'yata Ummi ta zo ta zauna a kaina da waya a hannu. Ita ce babba, tana kwalejin horon malamai. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa muke ce mata Ummi.

"Mama, kin san matsalarmu a gidan nan? Ba mu da bajet."

"Ba mu da me?"

"Tsarin kashe kuɗi mana. Ga wata mata nan tana bayani. Da zarar albashi ya shigo sai ki kasa shi uku. Rabi na abinci da haya da makaranta, wani kason na abin da rai yake so, sauran ki ware shi ajiya tun kafin ki taɓa ko sisi. Wai ki fara biyan kanki kafin ki biya kowa."

Na yaye zanin na dube ta. Ni malamar firamare ce a wata makarantar kuɗi can wajen Ƙofar Kabuga, albashina kuwa in ya shigo ranar Litinin, Alhamis ba ta riskarsa. Mai shago yana jiransa, mai ruwa yana jiransa, har mai gawayi ya san ranar da yake shigowa. Baban su Ummi tela ne. A da azumi shi ne kakarsa, ko barcin kirki ba ya samu saboda ɗinkin sallah. Bana har an sha goma na tsakiya kekensa bai yi wani kukan a zo a gani ba, kowa ya ce tsofaffin kaya zai wanke ya goge.

Na ce, "Ita matar nan ta cikin wayarki, ta faɗi yadda ake kasa abin da bai cika ɗaya ba gida uku?"

Ta yi dariya. "Kai Mama! Ko naira ɗari ce a rana. Ba yawan ake nema ba, sabo ake nema."

Na so in ce mata sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma maƙogwarona ya bushe, kuma ba laifinta ba ne. Na mayar da zanin na rufe fuska. Abin da ba ta sani ba shi ne, wannan karatun da take kawo mini sabo fil daga waya, mai sunanta ta yi shi a gabana shekara da shekaru, ba ta san ko bihim a boko ba. Kuma na ga inda ya kai ta.

A Mandawari aka haife ni, a wani gidan ƙasa mai zaure ɗaya da ɗaki biyu, can ƙarshen wani lungu da in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya jingina da bango. Mu bakwai ne: Baba, Inna, ni 'yar fari, da ƙannena huɗu. Baba yana aiki a wata masaƙa a bayan gari. Kullum da sassafe zai ɗaure ƙafar wandonsa da roba, ya tura kekensa har bakin titi, ya fita ta Ƙofar Na'isa. Ba masu kuɗi ba ne mu, amma ana ɗora tukunya sau biyu, kuma ana fitar da tuwo zaure.

A ƙuryar ɗakin Inna, bayan gadon ƙarfe, akwai wani tulu da ya tsage a gindi ya daina riƙe ruwa. Da wata matar ce, da ta jefar da shi, ko ta ba kaji su yi ƙwai a ciki. Inna ta liƙe tsagar da ƙasa ta ajiye shi. Duk ranar Allah, in ta auno geron kunu ko na tuwo ta zuba a ƙwarya, kafin ta kai shi turmi sai ta sa hannu ta dintsa, cikin hannu ɗaya tak, ta je ta zuba a tulun nan. Rabon tulu take kiransa.

"Tulu ma ɗan gida ne," haka take cewa. "Kuma shi ne babba, shi ake fara sallama."

Ta zaɓi tulu da gangan, don wuyansa siriri ne. Zubawa ba wuya, ɗiba kuwa hannu ba ya shiga, sai an cicciɓe shi an karkata, kafin nan zuciyar mutum ta huce. Lokaci-lokaci takan aike ni gindin darbejiyar da ke ƙofar masallaci in tsinko ganye, ta shanya a inuwa ya bushe, ta haɗa da 'yan ƙananan jan barkono ta tura ciki don kada ƙwari su ci geron. Ban taɓa ganin wata mata a unguwarmu tana haɗa biyun nan ba, sai ita.

Geron nan ba na ci ba ne. Na zakkar fidda kai ne, wadda ake fitarwa a ƙarshen azumi, mudun Annabi huɗu a kan kowane rai na gida. Haƙƙin maigida ne, amma Inna ta lura cewa ƙarshen azumi shi ne lokacin da aljihun Baba yake yin fayau, ga kayan sallar yara ga cefane. Sai ta ɗauke masa nauyin a hankali, dintsi-dintsi, daga wannan sallah zuwa waccan. Ranar jajibere ta karkato tulun a kan tabarma, Baba ya ɗauko ɗan mudun da ya gada wurin mahaifinsa ya auna, ya kai wa Gwaggo Hansai.

Gwaggo Hansai tsohuwa ce da bangon gidanta yake manne da namu ta baya. Mijinta ya rasu, ɗanta ya rasu ya bar mata jikoki biyu, ga yanar ido ta rufe mata gani, da lalube take bin bango. Ita ce mai karɓar zakkar gidanmu tun kafin in yi wayo. A lungunmu kowa ya san gidajen da suke bayarwa da gidajen da ake kai wa, ko da yake ba mai faɗa da baki. Baba bai mallaki fili ba, bai je Makka ba, ko babbar riga biyu ba shi da ita. Abin da yake tafiya da shi kai a sama ɗaya ne: gidansa yana cikin masu bayarwa.

Shekarar da nake ba da labari, ina 'yar sha biyu ko sha uku, shekarar da na fara yin azumi ba tsallake. Wata biyu kafin a ga wata aka rage ma'aikata a masaƙar, Baba yana ciki. 'Yan kuɗin sallamar da aka ba shi ba su ga watan azumi ba, don a lokacin in ka tambayi kwanon gero da safe a kasuwar Rimi, ka koma da yamma sai ka ji wani farashin. Amma bai daina ɗaure ƙafar wando da sassafe ba. Yakan tura keken ya fita kamar kullum, ya je Kurmi ya zauna a rumfar wani abokinsa, ko Allah zai kawo dillancin da zai samu na cefane. Wata rana ya dawo da rabin kwano a ƙullin hankici, wata rana ya dawo da sallama kawai.

Zafin shekarar nan har yau in na tuna sai in ji fatata tana tashi. Famfon bakin titi ya ƙafe, sai iska yake hurawa. Kududdufin bayan unguwa ya bushe ya tsattsage. 'Yan garuwa suka ninka kuɗi, mu kuwa ba mu da na farkon ma balle ninki. Da an idar da sallar asuba ni da mai bi mini muke ɗaukar bokiti mu tafi wani gida mai rijiya a can gaban masallaci, mu tarar da layi. Guga yana sauka sai ka ji ya daki ƙasa, a jira ruwa ya taru, a jawo rabi ja wur da laka. Mu kawo Inna ta jefa alif ta bar shi ya kwanta. Da shi za a sha, da shi za a yi alwala, wanda aka wanke kwano da shi a yayyafa a tsakar gida ko ƙasa za ta yi sanyi. Ƙurajen zafi suka feso wa yara a wuya da baya. Da rana ba mai motsi, kowa ya nemi gindin bango ya lafe, har ƙudaje sun yi laushi.

Abinci ya dinga janyewa kamar yadda ruwan rijiyar ya janye. Goman farko muna buɗe baki da kunun tsamiya da ɗan ƙosai, a yi tuwo da miyar kuka, a bar saura na ɗumamen sahur. Daga nan ƙosai ya ɗauke. Sai tuwo ya koma kunu mai kauri, kunun ya dinga tsinkewa har kana iya hango gindin ludayi. Inna ta fito da ƙanzon da ta daɗe tana tarawa a wani tsohon kwando, ta jiƙa shi ya yi laushi, ta barbaɗa gishiri da ɗan ƙuli, shi ne sahur. Kafin azahar cikina ya fara kiran ciroma, in na tashi tsaye sai in ga gari yana juyawa.

Duk da haka, ko gwangwani biyu Baba ya kawo, sai Inna ta dintsa ta kai wa tulu. Dintsin ya ƙanƙance ya koma na yatsu uku, amma ba ta fasa ba. Ni kam haushi nake ji. Ina kallon hannun nan yana fita daga ƙwaryar da ba ta ishe mu ba, in ji kamar in fizge.

Akwai kuma maganar turmi. A cikin birni bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci, turmi shi ne mai shela. Gidan da aka ji taɓarya da hantsi an san za a ɗora tukunya, gidan da ya yi shiru kwana biyu an san abin da ake ciki. Ranar da ba mu da abin surfe, sai Inna ta ɗebo dusar da ta tara ta zuba a turmi, ta yayyafa ruwa, ta kama daka da azumi a bakinta, gumi yana bin gwiwar hannunta. Na tambaye ta amfanin me.

Ba ta kiran sunana, kasancewata 'yar fari. Ta ce, "Ke, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Karɓi taɓarya ki taya ni."

Haka muka dinga dakan dusa ni da ita, luguden ƙarya, don lungu ya ji gidanmu, gidan Malam Sule, yana nan yadda aka san shi.

Ranar da abin ya kai maƙura tana cikin goman ƙarshe. Baba ya fita tun safe, har rana ta yi ja bai dawo ba, kuma mun san abin da jinkirinsa yake nufi. Ƙanzo ya ƙare. Autanmu Sani, ɗan shekara uku, ba azumi yake ba amma tun safe ruwa kawai ya sha. Ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ya koma yana bin Inna yana jan zaninta, ba ya cewa komai sai "kunu". Ta goya shi, ta sauke, ta sake goyawa. Ni ma na ƙule.

"Inna, ga gero fal a tulu, yaro yana neman mutuwa?"

"Ba namu ba ne."

"To na wa ne? Ba daga bakinmu kika cire ba?"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan. Na jira mari, bai zo ba. Ta tsaya tana kallona, leɓɓanta sun bushe sun yi fari. Can ta ce, a hankali, "In na karkata shi yau, gobe ma yunwa tana nan. Jibi ma tana nan. Ranar jajibere me zan zuba wa ubanku a tabarma? An raba shi da aikinsa, in raba shi da wannan ma?"

Sani ya sake jan zaninta. Ta dube shi, ta dubi ƙofar ɗaki. Sannan ta shiga, na ji ƙarar jan tulu a ƙasa. Ta fito da gero a ƙwarya, hawaye yana zuba ba ta ko share shi ba. Na sha ganin Inna cikin ɓacin rai, amma ran nan na fara ganinta ta rasa yadda za ta yi. Muka surfa, muka daka, ta dama kunun kanwa. Sani ya sha har cikinsa ya yi tulele ya yi barci a zaune. Baba ya shigo bayan magariba hannu rabbana, ya sha nasa bai tambayi daga ina ba. Bayan wannan sau biyu ta sake karkata tulun, ko wane karo sai ta juya mana baya.

A kwanakin ne hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma. Gari ya yi baƙi, iska ta taso ta kwashe shanya, mu fito da duk wani bokiti da kwano mu jera a ƙarƙashin indararo. Sai a yi ta cida, a ɗan yi yayyafin da ko ƙasa bai jiƙa ba, hadarin ya watse. Abin da zai bari sai ƙamshin ƙasa mai tayar da ƙishirwa, da zafin da ya fi na da.

Ranar jajibere bayan la'asar Inna ta shimfiɗa tabarma, ta juye tulun gaba ɗaya har tana bubbuga gindinsa. Tsibin geron ya fito da ganyen darbejiya da jan barkono a cikinsa, kuma ko ni na ga bai kai na bara ba. Baba ya yi bisimilla ya ɗauki mudu. Al'adarsa ce ya ambaci sunan kowa yana aunawa, ya fara da kansa, sai Inna, sai mu.

Inna ta ce, "Malam, fara da yaran."

Ya dube ta. Ya fara da Sani, huɗu. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya har ya zo kaina, "Wannan na Rabi." Ya auna nasa. Da ya zo kan na Inna, ya tattara abin da ya rage da gefen hannu, ya kakkaɓe tabarma, mudu ɗaya da rabi ya samu. Ya tsaya riƙe da mudun a hannu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba," in ji shi, amma muryarsa ba ta fita sosai.

Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Akwai ɗan geron da Baba ya samo a ranar, wanda za a yi abincin sallah da shi, duk abin da muka mallaka ke nan. Ta kawo ta juye a tabarmar.

"Cika, Malam."

"Gobe fa? Yaran fa?"

"Gobe ta Allah ce. Cika."

Ya cika. Aka ƙulle a tsohon buhu, ya saɓa a kafaɗa ya zagaya gidan Gwaggo Hansai. Da ya dawo na ga tafiyarsa ta canza, har yana tsokanar Sani. Mu kuwa mun san abin da ke cikin ɗakin Inna: tulu wayam, ƙwarya wayam.

Da safe aka tashi da sallah. Baba ya sa rigarsa da Inna ta wanke ta ninke a ƙarƙashin katifa, ya kama hannun ƙannena maza suka tafi Idi da wuri. Ni da Inna muna tsakar gida, ta hura wuta ta ɗora ruwa a tukunya don hayaƙi ya tashi, ba abin da za a zuba a ciki. Sai muka ji sallama a zaure, da ƙarar hannu yana shafa bango. Gwaggo Hansai ce, ɗauke da ƙwarya an rufe da faifai.

Suka gaisa, aka yi barka da shan ruwa. Ta lalubi ƙasa ta zauna, ta tura ƙwaryar gaban Inna.

"Amina, bana Allah ya rufa mini asiri, gida uku suka kawo mini. Na tambaya an ce tunda ina da abin da ya wuce na yau, ni ma sai in fitar, ni da marayun nan. Shi ne na ce ba zan kai nesa ba."

Inna ta ce, "Haba Gwaggo, ai akwai mabuƙata. Mu alhamdu lillahi."

Tsohuwar ta yi ɗan murmushi, idanunta farare suna kallon sama da kan Inna. "'Yar nan, ido ne ya tafi, kunne yana nan. Shekara nawa ina jin turminki ta bangon nan? Ƙarar hatsi daban, ƙarar dusa daban. Na ji ki, na yi shiru. Karɓi, kada rana ta yi a sauko daga Idi ban fitar ba. Ba wanda ya gan ni."

Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Ba a mayar wa tsohuwa zakkarta, kuma ko ana mayarwa, da me za mu mayar? Inna ta sa hannu biyu ta karɓa. "Allah ya karɓa, Gwaggo. Allah ya raya marayu." Na raka ta har ƙofar gidanta na dawo.

Na tarar Inna ta ɗage faifan tana zaune ta zuba wa ƙwaryar ido. Na leƙa. Ga ganyen darbejiya, ga 'yan jan barkono. Cikin buhu uku da aka kai wa Gwaggo, hannunta bai faɗa kan na kowa ba sai namu, kuma ba ta da idon da za ta gani. Inna ta ɗauki ganye ɗaya ta murza shi ya zama gari a yatsunta.

"Shekara guda ina cirewa daga bakinku," ta ce, ba ni take kallo ba. "Ashe lungu kawai zai zagaya ya dawo."

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Tausayinta ya kama ni, da kunya, da wani haushi da ban san wa zan ɗora wa ba. Ba wanda ya cuce mu. Gwaggo alheri ta yi, Inna ba ta yi ganganci ba, Baba bai yi lalaci ba. Kowa ya yi iyakar abin da zai iya, ga inda muka tsaya.

Ta ce in kawo turmi. Kafin ta juye geron, sai na ga hannunta ya shiga ƙwaryar ya dintsa. Ta shiga ɗaki, na ji saukar ƙwayoyin a gindin tulun da ba komai a cikinsa. Har yau ban sani ba ko ƙarfin hali ne, ko kuwa hannun ne ya saba bai san wani abin da zai yi ba.

Muka yi tuwon gero. Saboda sauri ba mu tsince ganyen da kyau ba. Baba ya dawo daga Idi ya zauna a zaure, na kai masa. Ya yi loma ɗaya, ya tsaya yana taunawa a hankali. Shi ya auna geron nan jiya da hannunsa, ya san abin da ke cikinsa, ya kuma san abin da ya bari a gidan da safe.

"Tuwon nan da ɗan ɗaci," ya ce.

Inna ta amsa daga bayan ƙofa, "Itacen ne ɗanye, Malam."

Ya ce, "Haka ne." Ya cinye tas, ya wanke hannu. Har suka koma ga Allah, shi da ita, ban taɓa jin ɗayansu ya tayar da maganar ba. Daga baya ya samu aikin gadi, abubuwa suka ɗan lafa, aka ci gaba da kai wa Gwaggo zakka har ta rasu. Amma daga shekarar nan Baba bai ƙara saɓa buhun da kansa ba, aike yake yi.

Ban ba Ummi wannan labarin ba. Ban kuma gaya mata cewa a ƙarƙashin gadona akwai bokitin fenti da nake zuba dintsin gero tun bayan sallar bara ba. Na gaji hannun Inna, har ganyen darbejiyar da barkonon, amma ban gaji tulunta ba. Bokiti baki gare shi a wangale, murfi kawai za ka ɗaga. Na ɗaga shi da aka koro ƙanen Ummi saboda kuɗin jarrabawa muka kwana biyu ba cefane, na ɗaga shi da babansu ya kwanta zazzaɓi, sauran ɗagawar ma na daina lissafi. Inna a kwano ake kawo mata hatsi, ni a ƙullin leda nake sayowa, gwangwani uku, wata rana biyu. In na dintsa daga ciki sai tukunya ta nuna. Yanzu ba a daka a gida balle a yi luguden ƙarya, amma lungu bai rasa ido ba. Kowa yana ganin girman ledar da ɗanka ya fito da ita daga shago.

Jiya da la'asar na jawo bokitin na juye a faranti babba, na ɗauko ɗan mudun Baba da ya faɗo a rabona. Mu biyar ne, ashirin ake nema. Na auna sau biyu ko zai ƙaru, sha uku ne da ɗan burbuɗi. Na yara uku ya fita, ni da babansu sai abin da Allah ya yi. Ya ce akwai mai ɗinki ɗaya da ya yi alkawarin biya kafin sallah, na ce to. Wadda za mu kai wa ma na san ta, wata bazawara ce a tsallaken lungu mai 'ya'ya huɗu. Mutuniyar kirki ce, mai kula, kuma tagarta tana kallon ƙofarmu. Abin da yake tsorata ni ke nan.

Ummi ta fito ta gan ni a zaune da faranti a cinya. Ta zaro ido.

"Lah, Mama! Ashe kina ajiya kika bar ni ina ta zuba? Kin gani ko, ai wannan shi ne abin da matar take faɗa."

"Shi ne," na ce. "Ajiye wayar ki zo ki taya ni."

Ta durƙusa ta ga ina tsince ganyen darbejiya ɗaya bayan ɗaya ina tarawa a gefe. Ya bushe ya karairaye, sai an bi a hankali.

"Wannan wahalar fa? Ai duk wadda aka ba za ta bakace kayanta."

"Tsince dai. Barkonon ma, kada ki bar ko ɗaya."

"To saboda me?"

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, iska mai zafi tana kaɗa labulen ɗaki. Na ci gaba da tona geron da yatsa, ban ɗago ba.

"In ya dawo," na ce, "ba na so in gane shi."